Saƙo Ɗaya, Ƙofa Biyu: Darasi Kan Abin Da Ke Tsuke Jijiyoyin Jini

Duk wanda ya taɓa wanke mota ko ya yi ban ruwa da tiyo ya san cewa idan ya danne bakin tiyon da babban yatsa, ruwan zai fito da ƙarfin da ya fi na farko, alhali ko ɗigo ɗaya ba a ƙara a famfo ba. Hanyar ce ta ƙuntata, shi ya sa ruwan ya yi ƙarfi. Haka lamarin yake a jikin ɗan Adam. Idan ma'aikaciyar jinya a Adjamé ta ɗaura maka abin awo a dantse, ta ce tansiyonka 16/10 ne, abin da take faɗa shi ne jininka yana tura bangon jijiyoyi da ƙarfin da ya wuce kima. A ƙasashen da ake aiki da Faransanci akan faɗi lambar a taƙaice: 14/9 ita ce 140/90 da 'yan uwanmu na Kano da Katsina suka saba ji, kuma daga nan ne likitoci suke fara kiran abin hawan jini.

To, wane yatsa ne yake danne tiyon a cikin jiki? Masu dannawa suna da yawa. Wannan darasi zai tsaya ne a kan ɗaya daga cikin mafiya ƙarfinsu, wani sinadari mai suna endotelin, da kuma ƙofofi biyu da yake ƙwanƙwasawa. Sunan baƙo ne a kunne, amma cututtukan da yake da hannu a cikinsu 'yan gida ne: hawan jini, ciwon ƙoda, sikila, da jijjigar masu ciki.

Yadda aka gano shi

Jijiyar jini ta fi tiyon roba da abu ɗaya: tana da rai. A bangonta akwai tsoka da ta kewaye ta kamar mazagin wando. Idan tsokar ta ja, jijiya ta tsuke, idan ta saki, jijiya ta buɗe. A cikin jijiyar kuma, inda jini yake gogawa, akwai wata shimfiɗa siririya ƙwarai, kaurinta ƙwayar halitta ɗaya tak, wadda masana suke kira endoteliyom. An daɗe ana ɗaukar wannan shimfiɗa a matsayin sumul ɗin da ke hana jini maƙalewa kawai. A shekarar 1980 wani masani a Amurka, Robert Furchgott, ya nuna cewa tana fitar da wani abu da ke sa tsokar ta saki. Daga baya aka gane abin iska ne, wanda ake rubutawa NO, kuma a 1998 Furchgott da wasu masana biyu suka sami kyautar Nobel a kan wannan aiki.

Tun da akwai mai sassautawa, sai masana suka shiga neman mai ɗaurewa. A 1988 wani ɗalibi a Jami'ar Tsukuba ta ƙasar Japan, Masashi Yanagisawa, wanda yake aiki a ƙarƙashin Farfesa Tomoh Masaki, ya tace shi daga ƙwayoyin babbar jijiyar alade da aka raina a ɗakin bincike. Ɗan ƙaramin abu ne, tubalansa 21 kacal, jere kamar duwatsun wuya a zare. Amma da aka ɗiga shi a kan guntuwar jijiya, sai ta tsuke, ta ƙi saki na tsawon lokaci, ko da an wanke ta. Daga baya aka ga cewa iri uku ne, aka ba su lamba 1, 2 da 3. Na ɗaya shi ne mai yawa a jijiyoyi, shi kuma za mu riƙa nufi a nan.

Wani abin mamaki shi ne, a daidai wannan lokaci masu nazarin dafi suka lura cewa dafin wani ɗan baƙin maciji mai shiga ƙarƙashin ƙasa, wanda ake samu a Gabas ta Tsakiya, yana kama da endotelin ƙwarai a gininsa. Da shi macijin yake tsuke jijiyoyin zuciyar abin da ya sara. Ke nan jikinmu yana sarrafa ɗan uwan dafi kullum, daidai gwargwado, yana kuma amfana da shi.

Makarɓi A da makarɓi B

Saƙo ba ya aiki sai ya sami mai karɓa. A fatar ƙwayoyin halitta akwai wasu ƙananan ƙofofi, kowace da irin saƙon da take buɗe wa, kamar kwaɗo da mabuɗinsa. Su ne za mu kira makarɓa. A 1990 aka gano cewa endotelin yana da makarɓa iri biyu, aka sa musu suna A da B. A takardun likitoci za ku ga an rubuta ETA da ETB.

Makarɓi A yana zaune ne a kan tsokar bangon jijiya. Shimfiɗar ciki takan zuba mafi yawan endotelin ɗin da ta yi ne ta baya, kai tsaye kan wannan tsoka, ɗan kaɗan ne yake shiga jini. Da ya manne wa makarɓi A, sai sinadarin kalsiyam ya cika ƙwayar tsokar, ta ja, jijiya ta tsuke. Idan kiran ya yawaita, wata da watanni, aikin ba ya tsayawa a tsukewa. Ƙwayoyin tsokar sukan ƙaru, bango ya yi kauri, tabo ya taru a ciki, jijiyar da take da laushi kamar fatar da aka jeme ta koma kamar ƙirgi. Wannan sauyi shi ne mafi haɗari, domin tsukewa tana iya sakewa cikin sa'a ɗaya, amma bangon da ya kangare da wuya ya koma yadda yake.

Makarɓi B ya fi wuyar sha'ani. Akwai shi kaɗan a kan tsoka, inda shi ma yake iya tsukewa, amma babban mazauninsa shimfiɗar ciki ce. A can, idan endotelin ya taɓa shi, sai shimfiɗar ta saki iskar NO da wani sinadari mai suna furostasaikilin, waɗanda suke buɗe jijiya. Yana kuma aikin shara: yakan kama endotelin da ke yawo a jini ya haɗiye, musamman a huhu, don kada ya taru. Saƙo ɗaya ne, amma ƙofa ɗaya ta ji "ɗaure", ɗayar ta ji "sassauta". Lafiyar jijiya tana rataye ne a kan daidaiton waɗannan biyu.

Abubuwan da ke karkatar da ma'aunin an san da yawa daga cikinsu. Ƙarancin iskar oksijin a jini yana sa shimfiɗar ta ƙara yin endotelin. Haka yawan sukari a jini, da kumburin cikin jiki, da hayaƙin taba. A ɗaya gefen kuma, gudanar jini mai kyau a kan shimfiɗar, irin wadda tafiyar ƙasa da motsa jiki suke kawowa, tana ƙara iskar NO, ita kuma NO tana rage yin endotelin. Mai tura amalanke daga tashar Adjamé zuwa kasuwar Gouro yana samun wannan ba tare da ya nema ba. Wanda yake zaune a shago daga asuba zuwa magariba, ya hau woro-woro ya koma gida, shi sai ya nema da gangan.

Ƙoda da gishiri

A nan ne darasin ya fi shafar tukunyarmu. Ƙoda tana tace jini dare da rana, kuma a ƙarshen ƙananan bututunta ne ake yanke hukunci kan gishirin da zai fita da fitsari da wanda zai koma jiki. Wannan wuri yana cikin inda ya fi yin endotelin a duk jiki. Idan mutum ya ci gishiri da yawa, ƙoda takan ƙara yin sinadarin, shi kuma ta ƙofar B ya umurci bututun su bar gishirin da ruwa su fita. An gwada wannan a kan ɓeraye: waɗanda aka hana wa endotelin ko makarɓi B a wannan sashe na ƙoda, jininsu yakan hau, ya ƙara hawa sosai idan aka ƙara musu gishiri.

Wato akwai magudana a jiki wadda aka tanada don rarar gishiri. Amma magudana tana da iyaka, kuma duk wanda ya ga yadda ruwan Yuni yake yi wa kwatocin Abijan ya san abin da ke faruwa idan abin da ya zubo ya fi ƙarfin hanya. Idan ƙoda ta jima tana shan wahala saboda hawan jini ko ciwon sukari, sai aikin makarɓi A ya rinjaya a cikinta: ƙananan matatanta su lalace, furotin ya fara zuba a fitsari, tabo ya maye gurbin nama mai aiki. Duk wannan yana faruwa ba zafi ba ciwo. Sau da yawa kumburin ƙafa da fuska ne alamar farko, kuma a lokacin an yi nisa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma lissafin ya haɗa har da wanda ke ɓoye a cikin abinci. Mu duba yinin ɗan kasuwa. Da safe burodi, wanda akwai gishiri a ƙullinsa. Da rana garba, abincin da ake cewa sunansa ma daga 'yan uwanmu 'yan Nijar masu sayar da shi ya samo asali: acake da soyayyen kifin tuna, a barbaɗa gishiri, a murmushe dunƙulen ɗanɗano a kai. Da yamma cukuya da yaji, shi ma yajin da gishirinsa da dunƙulensa. Da dare miyar da aka sa wa dunƙule uku ko huɗu da busasshen kifi mai gishiri. Babban abin da ke cikin dunƙulen nan gishiri ne. Ba mu ce a daina garba ba, domin sana'ar dubban gidaje ce kuma abincin talaka ne. Amma mai saye yana da bakin cewa a rage masa, mai sayarwa kuma zai iya ajiye dunƙulen a gefe, wanda ya so ya sa da hannunsa.

Sai kanwa, wadda ba a cika lissafa ta ba saboda ɗanɗanonta dabam ne. Akwai sinadarin sodiyam mai yawa a cikinta, shi ne kuma ɓangaren gishiri da ke riƙe ruwa a jiki. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun rubuta yawan matan da zuciyarsu take gazawa bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan ban da al'ada, amma gargaɗin yana nan: mai jegon da jininta ya hau, ko ƙafarta ta kumbura, ko take haki, kunun kanwa ba nata ba ne.

Wasu bincike da aka yi a Amurka sun sami endotelin ya fi yawa a jinin baƙaƙen fata masu hawan jini idan aka gwada da fararen fata masu irin ciwon. An kuma daɗe da lura cewa hawan jinin mutanenmu ya fi jin gishiri. Wannan ya sa zaɓin magani yake da muhimmanci. A 2019 aka buga sakamakon wani gwaji mai suna CREOLE, wanda Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida. Ya nuna cewa haɗin magani biyu da ke da amlodipine a ciki ya fi saukar da jini a kan haɗin da babu shi. Amlodipine tana toshe wa kalsiyam hanyar shiga tsokar jijiya, ɗaya daga cikin hanyoyin da makarɓi A yake bi. Tsohon magani ne, yana cikin masu araha a farmasi.

Sikila da huhu

Iyalan da ke da mai sikila, ciwon da ake rubuta drépanocytose a takardar asibiti, sun san yadda sanyi, zazzaɓi ko ƙishirwa suke tayar da ciwon. Idan oksijin ya yi ƙasa, jajayen ƙwayoyin jini sukan lanƙwashe kamar lauje, su maƙale a ƙananan jijiyoyi. Ƙarancin oksijin ɗin nan kuma shi ne yake zuga shimfiɗar jijiya ta ƙara endotelin, jijiya ta ƙara tsukewa a daidai lokacin da ake buƙatar ta buɗe. Bugu da ƙari, ƙwayoyin da suka fashe sukan zubar da abin da ke cikinsu, shi kuma ya cinye iskar NO. Mai ɗaurewa ya ƙaru, mai sassautawa ya ragu. An auna an ga endotelin ya fi yawa a jinin masu sikila, yana kuma ƙaruwa lokacin da ciwon ya tashi.

Bayan shekaru, wasu daga cikinsu sukan kamu da hawan jinin huhu. Wannan ciwo dabam yake da hawan jinin da aka saba, kuma abin awon dantse ba ya nuna shi. Jijiyoyin cikin huhu ne suke ƙuntata, sai ɓangaren dama na zuciya, wanda aikinsa tura jini zuwa huhu, ya yi ta fama har ya gaji. Wani bincike da aka buga a 2011 kan manyan masu sikila kusan 400 a Faransa ya tabbatar da ciwon a kashi 6 cikin 100 nasu. Ban da sikila, cutar ƙanjamau tana iya kawo shi, haka nau'in tsargiyar da ke kama hanji da hanta, wanda ake samu a yammacin Kodebuwa, da kuma hujin zuciya da aka haifi yaro da shi.

Alamarsa ta farko haki ne. Wanda ya saba hawa benen Forum na Adjamé da kaya a ka, yanzu sai ya tsaya ya huta a tsakiyar matakala. Ga jiri, ga bugun zuciya, daga baya ƙafa ta kumbura. Akan ce ƙarancin jini ne, a sayi maganin ƙarin jini, a yi ta sha. Mai sikilar da hakinsa ya sauya daga yadda ya saba, hoton zuciya yake buƙata, wanda ake kira eko.

Ciki da haihuwa

A ciwon da ke sa jinin mai ciki ya hau bayan wata na biyar, mahaifa takan saki wasu sinadarai da ke ɓata shimfiɗar jijiyoyin uwa, endotelin ya ƙaru, jijiyoyi su tsuke a ƙoda, a hanta da ƙwaƙwalwa. Ciwon kai mai tsanani, dishi-dishin gani, kumburin fuska da hannu, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, alamu ne na a tafi asibiti a wannan sa'ar, kafin a kai ga jijjiga. Abin da ya sa ungozoma take auna jini da fitsari a kowane awon ciki ke nan.

Jariri kuma a cikin ciki da endotelin ake gina shi. A 1994 aka ga ɓerayen da aka hana wa endotelin na ɗaya ana haifarsu da nakasar muƙamuƙi da fuska, ba sa rayuwa. Makarɓi B shi ne yake jagorar ƙwayoyin da za su zama jijiyoyin motsin hanji da masu ba fata launi. Idan ya sami tawaya, ana iya haifar yaro da hanjin da ba ya tura bayan gida, ciwon da ake kira Hirschsprung, wani lokaci tare da farin gashi a goshi da rashin ji. Masu kiwon doki a Amurka sun san irinsa: ɗan dukushi fari fat da ke mutuwa cikin kwanaki kaɗan saboda toshewar hanji. Jaririn da ya wuce kwana biyu bai yi kashin farko ba, cikinsa yana kumbura, a kai shi likita ya gani.

Magungunan da ke toshe ƙofa

Tun da an san ƙofofin, an yi magungunan da ke zama a bakinsu su hana saƙon shiga. Bosentan, mai toshe A da B, ya sami izini a Amurka a 2001 don hawan jinin huhu. Ambrisentan, wanda ya fi karkata ga A, ya biyo a 2007, sai macitentan a 2013. Ga masu wannan ciwo sun kawo sauƙi na gaske. A sauran wurare an sha faɗuwa: gwajinsu a kan gazawar zuciya bai yi nasara ba, haka a kan sankarar mafitsarar maza, kuma an janye wani mai suna sitaxentan daga kasuwa a 2010 saboda yana lalata hanta. A baya-bayan nan sparsentan ya sami izini a 2023 don wani nau'in ciwon ƙoda, aprocitentan kuma a 2024 don hawan jinin da ya gagari sauran magunguna. A babban gwajinsa, kimanin maki 4 ya ƙara saukar da lambar sama, a ma'aunin 140. Ga masu sikila kuwa, an ga alfanu a ɓeraye, amma ba a kai ga tabbatar da shi a mutane ba.

Daga abin da ya gabata za ku iya hasashen illolinsu da kanku. Suna taɓa aikin ƙoda wajen fitar da gishiri, don haka suna tara ruwa a jiki. Suna rage jini. Bosentan yana buƙatar gwajin hanta kowane wata, ba a haɗa shi da glibenclamide da masu ciwon sukari da yawa suke sha, yana kuma raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa. Mafi girma duka, an hana su ga mai ciki baki ɗaya, saboda abin da aka gani a ɓerayen nan. Magunguna ne masu tsada, na hannun ƙwararren likitan zuciya ko na ƙoda. Duk wanda ya miƙo muku ɗaya daga cikinsu a kan tire ko a tabarma, ko a Roxy ko a wata kasuwa, kada ku karɓa. Kuma tun da an zo maganar tire: diclofenac da ibuprofen da ake sha kullum don ciwon baya da gajiyar kasuwa suna riƙe gishiri a jiki, suna ɗaga jini, suna kuma cin ƙoda a hankali.

Inda za a nufa

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan kam ido bai san komai ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba. Awon farko ana yinsa a ƙaramin asibitin unguwa ko a farmasi, cikin minti biyar, bayan an zauna an huta. Idan lambar ta kai 14/9 a ranaku dabam-dabam, a ga likita, a nemi gwajin fitsari da na ƙoda da na sukari. Masu ciwon sukari suna da cibiyarsu a harabar Institut National de Santé Publique da ke Adjamé. Eko da sauran binciken zuciya ana yinsu a Institut de Cardiologie d'Abidjan, a harabar babban asibitin Treichville. Gwajin jinin da ke nuna ko mutum AA ne, AS, AC ko SS, sau ɗaya ake yinsa a rayuwa, kuma kafin a sa ranar aure ya fi amfani.

Ga matafiya kuma, masu zuwa Maraɗi, Tawa ko Kano su yi wata biyu ko uku: maganin hawan jini yana aiki ne a ranar da aka sha shi, idan aka daina jijiya ta koma tsukewarta. A sayi wanda zai kai har dawowa, a sa shi a jakar hannu maimakon kayan da ake ɗaurewa a saman mota cikin rana. A rubuta sunan sinadarin da yawan miligiram ɗinsa a takarda, domin sunan kamfani da launin kwali sukan sauya daga ƙasa zuwa ƙasa, amma sunan sinadarin mai farmasi a Abijan da na Kano duk za su gane shi.